Ramin da Aka Haƙa a Ganuwar Iya Tabawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina gidan goggona a Gwaram aka bugo waya, wai Iya Tabawa ta rasu.

Ban saba rubutu a nan ba, wayar ma ta yayata ce. Amma yau raina a ɓace yake.

Duk wanda ya san ƙauyenmu ta wajen Birnin Kudu ya san guntuwar ganuwar da ta rage, da tsohon zauren ƙofa. Iya ta ce an gina su ne zamanin da mahara ke zuwa daga Ningi, kakarta ma a ciki aka ɓoye ta tana jaririya. Zauren ya koma makwancin awaki. Iya ce ta share shi, ta sa aka gyara rufin, ta yi masa daɓe. A nan take koya mana saƙar faifai, mu 'yan mata.

Ba na iya magana cikin mutane. Idan ana tsokanata sai ta jawo ni kusa da ita ta ce, "Ku ƙyale min ita, hannunta ne mai surutu."

Kafin kowace damina takan jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, mu shafe bangon kada ruwa ya cinye shi. In kuwa ta ga mai buga tubali da diga a gindin ganuwa, har gida take bin sa da faɗa.

Ranar da zan tafi Gwaram na je yi mata sallama. Ta ce, "Ke Hansai, gefen gabas ya tsage. Ki dawo kafin ruwa ya sauka, kada tuwon goggonki ya riƙe ki."

Na iso bayan an kai ta. Abin da na fara gani shi ne sabon rami a gindin ganuwar. Na tambayi wani kawunmu. Ya ce, "Laka muka kwaɓa ta rufe kabarin. Ƙasar nan ta fi danƙo, ga ta kusa. Ai tata ce, ta tafi da abarta." Har wasu suka yi dariya.

Na sunkuyar da kai na wuce.

To Kawu, ga amsata. Duk faɗin dajin nan babu ƙasa sai wannan? Ko kwana ba ta yi ba! Da tana numfashi wa ya isa? Kun buɗe hanya, ga shi da la'asar har na ga an ajiye amalanke a wurin.

Hadari ya fara haɗowa, kuma bangon ba zai jure ruwa da wannan rami a gindinsa ba. Gobe da safe zan ɗauki kwano in fara cike shi. Ban iya kwaɓa ƙasa sosai ba. Duk wadda ta taɓa zama a zauren nan ta zo ta taya ni.

Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka makwancinta, ya sa Aljanna ce gidanta. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ya kuma roƙa mana Allah ya riƙe bangon nan har mu gama.