Jibo, Kanwa da Ruwan Tsamiya

Jibo ɗan ƙanena ne, a nan Matankari aka binne cibiyarsa. Tun yana ƙarami, in ka aike shi ɗebo wuta sai ka iske shi tsugune gaban murhu, yana son sanin abin da ya sa kara ke cinyewa ya bar icen ƙirya. Uwarsa ta ce iska ce. Na ce ba wata iska, bin diddigi ne, gadon gidanmu.

Lakkwal, karatun boko ke nan, ta kai shi Dogon Dutsi, daga nan Yamai, har ya zama malamin jami'a, yana koyar da wani abu wai shi shimi. Na ce mi ke nan? Ya ce nasa aikin shi ne sanin abin da ke sa abu ya juye da sauri ko da nawa, kamar nono ya yi tsami, ko ƙarfe ya yi tsatsa. Na ce ashe akwai masu shiga kwat don kallon nono.

Hutun bara ya zo gida a rame. Wansa Umaru, mai shagon kayan babur a Dutsi, ya riga ya tanadar masa kujera, don Jibo ya ce zai aje koyarwa.

"Gwaggo," in ji shi, "ina cika allo da lissafi, ɗalibai su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su amayar mini. Ba wanda ya taɓa ce mini don mi. Wasu ma sun bar zuwa."

"To kai ma in ana yi maka wa'azi da lissafi, zama za ka yi?"

Muna cikin haka na jefa kanwa cikin miyar yakuwa, ta taso da kumfa. Ya ƙura wa tukunya ido.

"Don mi kike daka ta tukuna?"

"Don dakakkiya ta fi ƙarfi mana. Sai an je Yamai a san wannan?"

"Ta fi ƙarfi, ko ta fi sauri?"

"Kai Jibo, tashi ka ba ni wuri."

Washegari sai ga shi da kwalabe biyu, da balan-balan irin ta yara, da sikelin Umaru. Ya sa na jiƙa tsamiya mai kauri, ya raba daidai. Ya auna kanwa kashi biyu, nauyi guda: ɗaya dunƙule, ɗaya gari. Kafin ya zuba sai ya ce in faɗi gaban Hauwa matarsa wace balan-balan za ta fi girma. Na ce ta garin, in ba haka ba a canza mini suna.

Ya zuba, ya ɗaure bakin kwalabe da balan-balan. Ta garin ta miƙe nan take, na yi guɗa. Ta dunƙulen tana nan laƙwas, ƙwayar kumfa na fita ɗaya-ɗaya kamar mai jin kunya. Ya ce in jira. Na share tsakar gida, na leƙa, ta ɗan kumbura. Na yi la'asar, na leƙa. Kafin kaji su shiga akurki, wallahi ta kamo ƴar'uwarta. Na auna da zare, kai ɗaya.

Hauwa ta ce, "Gwaggo, wane suna za mu sa?"

Ban kula ta ba, na damƙe hannun rigarsa. "Yaya aka yi? Ina sauran ƙarfin ya fito?"

Ya ce kanwar guda ce, abin da ke cikinta bai ƙaru ba don an daka. Tsami sai ya taɓa jikinta yake ci. Dunƙule ta baya kawai ake samunsa, gari kuwa ko'ina ƙofa ce. Na ce to in ruwan da zafi fa? In an sirka shi fa? Yana cikin ba ni amsa sai ya dube ni.

"Jiya kin kore ni. Yau kin hana ni tafiya masallaci."

"Don ka kunyata ni gaban suruka, ɗan nema!"

"Shi ke nan," in ji shi, shi kaɗai yana dariya. "Ni nake ba ɗalibaina amsa tun ba su sa bakinsu ba."

Ya koma Yamai da rabin kanwata, ko godiya babu. Hauwa ta ba ni labari a waya: yanzu kafin ya taɓa alli sai kowa ya ɗaga hannu ya zaɓi kwalba. Waɗanda suka faɗi su ke bin sa har bakin mota da gardama. Wata ɗaliba Mubaraka ma ta ce kanwarsa ce ba ta da kyau, ta zo da ta gidansu, ta sake faɗuwa, yanzu ita ke riƙe agogo in ana gwajin.

Da Umaru ya kira shi kan maganar shago, Jibo ya ce ya nemi wani. Ya kuma ce a gaya mini in aiko masa da tsamiya ta motar kasuwa, ta Yamai ba ta da tsami.