Ranar Da Na Tallafi Rufin Inna Da Kaina

In ana lissafin wawayen Gazawa, a sa sunana kusa da farko, ba zan yi gardama ba. Shekarun baya, lokacin da jam'iyyu suka fito kowa da tutarsa, mahaifiyata ta ce in rushe tsohon ɗakinta in cire azarorin, a rufa mata sabo kafin damina. Azarar giginya ce ta gaske, mahaifina ya ɗora ta, gara ta gwada haƙori ta haƙura.

Ƙa'idar aikin kowa ya san ta: ka hau sama, ka kwashe ƙasar rufin duka, ka yaye zana, sannan ka ɗauke azara ɗaya-ɗaya. Inna ma ta faɗa mini, har sau biyu. Amma washegari akwai taron jam'iyya a Cadawa, an ce za a raba huluna. Ni da lakol, makarantar boko, ta kora tun aji biyu, sai na ƙirƙiro ilimina: in zare azara ta ciki, ƙasa ta sauko da kanta.

Na kife turmi na hau. Na zare huɗu. A ta biyar, babbar azarar tsakiya ta yi ƙara ta sunkuyo, ƙasa ta fara tsiyaya. Na sa kai da hannu biyu na tallafe. Daidai nan Inna ta shigo neman mazarinta na kaɗi.

Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. "Kai wannan, me kake a kan turmina?"

"Awo nake, Inna. Ki ɗan yi sauri."

"Saurin me?"

Wuyana na rawa, ƙasa na shiga idona, turmi na gocewa. Na san in na saki, kanta zai faɗo. Amma bakina ya ƙi cewa rufin zai faɗi, don ta riga ta gargaɗe ni. Ta buɗe ƙwarya ta rufe. Ta ɗaga tabarma. Har zama ta yi tana tunanin inda ta ajiye shi.

"Inna, don girman Allah!"

"Ikon Allah. Ɗakina ne fa."

Abokina da ya zo mu shirya tafiya ne ya leƙo, ya yi salati, ya ruga ya kawo gwafa ya tokare. Sannan Inna ta fita, a hankali. Kwana uku muka yi muna kwashe ƙasa ta sama, azara ko ɗaya ba ta karye ba. Hula kam ban samu ba.

Na rushe ɗakuna da yawa bayan nan, kullum daga sama nake farawa, kuma har yau in itace ya yi ƙara sai na ɗaga kai na duba rufi.

Da aka gama rufin sabon ɗakin, tana kaɗi a bakin ƙofa, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Mazarin yana ƙuguna tun da na shiga. Jira nake in ji ka ce ka yi kuskure."