Ranar da Aka Sanar da Baba Rasuwarsa

"Malam, ai ka rasu tun bayan Sallah," in ji akawun fansho, ko ɗago kai bai yi ba.

Baba, yana tsaye a gabansa, ya ce, "Allahu akbar. Allah ya jiƙana. Na yi jinya kuwa?"

Yau da na je tantancewar 'yan fansho abin ya faɗo mini. Farkon shekarun tamanin ne, ni na kai shi a babur. Baba tsohon malamin gona ne a Malumfashi. A zamaninsu sunan gari makaranta ke liƙa wa yaro, shi ya sa Sule Gozaki biyu, Baba da wani, suka yi aikin gwamnati. Ɗaya ya rasu, aka tsayar da fanshon mai rai.

Da muka koma gida Inna ta ce, "To Malam, in shiga takaba ne?"

Ya ce, "Dakata tukuna, na ɗaukaka ƙara."

Sai da kaka ta yi aka cire auduga a gonaki gwamnati ta yarda yana numfashi.

Da ya rasu da gaske, na je sanar da su. Akawun nan dai ya dube ni ya ce, "Haka aka ce wancan karon. Ka ce ya zo da kansa."

Ku a gidanku, wa gwamnati ta taɓa kashewa?