Filin da Muka Auna da Igiyar Guga

Kowa a unguwarmu ya yarda cewa littafi ne ya taɓa Yaya Habu. Ƙarya ne. Ina wurin, ni ce ma mai riƙe da littafin, kuma na gaji da sauraron waɗanda ba su ga komai ba suna ba ni labari.

Da daminar shekarar da na shiga aji biyar na firamare ne, gero ya kai ƙugu. Wani malami mai bautar ƙasa da zai bar Rano ya ba Yaya Habu, babban wana kuma golan unguwarmu, wani littafin ƙwallo na Turanci mai yagaggen bango. A tsakiyarsa akwai zanen fili, da tsawonsa da faɗinsa. Yaya ya ƙura wa zanen nan ido har tuwonsa ya huce. Sai ya gano cewa filin bayan makaranta, inda suke buga ƙwallo tun suna ƙanana, ko rabin na gaskiya bai kai ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce wallahi sai sun yi wasa a fili irin na littafi.

To da damina ina za ka sami fili a Rano? Ko'ina dawa ce da gyaɗa har bakin hanya. Wuri ɗaya ne ya rage, wani fako a bayan gari ta hanyar Kibiya, ba a nomansa, ba kuma wanda ya san mai shi. Nakan kora awakin Inna ta wajen. Sai su yi ta cin ciyawa a gefe-gefe, ba sa ratsawa ko na jefe su da hoge. Kakarmu ta taɓa cewa, "Ƙasar da aka bari babu shuka, da masu ita." Na ɗauka surutun tsofaffi ne.

Ni aka ba littafin saboda na fi su iya karanta Turanci. Ina karantawa, Yaya da abokansa suna awo da igiyar gugan gidanmu. Layin kuwa da toka muka ja shi, wadda na bi murahun maƙwabta na kwaso a tsohon bokiti. Muna cikin aikin na lura wurin ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Akwai 'yan tuddai dogaye dogaye kamar kunyar da ruwa ya cinye, kuma duk hanya ɗaya suka kwanta, kudu da arewa. Ga fasassun tukwane ko'ina. Yaran suka tattara su suka yi tsibi biyu a kowane ƙarshe, su ne raga. In ƙwallo ya faɗi a wasu wuraren sai ka ji dum, kamar an bugi ganga a ƙarƙashin ƙasa. Da safe kuma mukan tarar layin tokar ya karye nan da can, ya lotsa ciki. Yaya ya ce gara ce.

Ranar da yaran ƙauyen Lausu suka zo wasa, ruwa ya kwana yana zuba. Bayan la'asar ne, ina tsaye a bayan ragar Yaya da littafin a hammata, don ni ake tambaya in gardama ta tashi. Aka ba 'yan Lausu fenariti. Yaya ya yi tsalle ya cafe ƙwallon, yana dira ƙasa ta buɗe ta haɗiye shi har ƙugu. Ko ƙara ba ta yi ba. Wani sanyi ya taso daga ramin, da wari irin na rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. Yara suka watse cikin dawa. Ni ban gudu ba, na leƙa. Na ga ruɓaɓɓun itatuwa a jere a gicciye, yadda ake jera wa mamaci. Kusa da ƙafar Yaya kuma ga wani abu kewayayye mai launin tsohuwar ƙwarya, ya juya fuskarsa gabas.

"Rabi, rufe idonki," in ji shi. Ban rufe ba.

Ya fito a hankali, ya durƙusa yana tura ƙasa cikin ramin da hannuwansa, bakinsa yana motsi. Kafin mu isa gida zazzaɓi ya rufe shi. Cikin sambatu ya riƙa maimaita awon filin da Turanci, yadda na yi ta karanta masa. Shi ke nan aka sami mai laifi. Baba ya fizge littafin ya cusa a murhu, aka kira malam ya yi ruƙiyya. Da Yaya ya farfaɗo ya ce kabari ne, dattawa suka ce tun kakanninsu ba a taɓa yin makabarta a can ba. Na ce ni ma na gani. Aka ce in rufe baki, yarinya da ƙarya. Ba wanda ya taka ya je, ruwa kuma ya gama cike ramin.

Tun daga nan ake ce masa Habu Littafi. Bai ƙara taɓa ƙwallo ba. Yanzu adaidaita yake ja tsakanin Rano da Kibiya, kuma duk sanda ya zo daidai fakon sai ya rage gudu ya yi wa mamatan sallama. Fasinjoji su ƙyafta wa juna ido. Nakan tuna shi kafin ranar, yana tafe gida da taɓo har wuya, dariyarsa ta riga shi shiga zaure. Wannan dariyar ba ta fito daga ramin ba.

Bana samari sun kafa ragar ƙarfe a wurin. Ɗan Yaya, Abba, wanda bai san komai ba, shi ne golan yara. Makon jiya Yaya ya je tsakiyar wasa ya janyo shi da kunne. Yanzu Baba da surukan Yaya sun ce ciwon ya dawo, za a karɓe adaidaitar a kai shi gidan magani bayan sati. Da abin hawan nan yake ciyar da iyalinsa. Jiya ya ce mini, "Ƙyale su, Rabi, ke ma kada a saka ki ciki."

Ba zan ƙyale ba. Ranar Asabar akwai wasa. Zan ɗauki tabarma da shebur in je in zauna a bakin ragar, ba mai buga ƙwallo sai mai unguwa da liman sun zo an tona a gabansu. In an sami mamatan, a yi musu addu'a a kewaye wurin, a bar wa Yaya makullin adaidaitarsa. In ba a sami komai ba, to a nemi mota mai wurin mutum biyu, ni da shi.