Ƙarar Gadon Kaka

Jiya a Tudun Ƙofa na ga wani kafinta yana goge tsohon gadon maɗaci mai sassaƙaƙƙun ƙafafu, sai kakata ta faɗo mini a rai. A kan irinsa take kishingiɗa da hantsi, yana ƙamshin man kaɗanya. Bayan ta makance, da ƙarar gadon take gane wanda ya zauna gefenta.

Ni da karambanina na sa aka ɗaure gadon tam, ya daina ƙara. Na zauna, shiru. Ta lalubo hannuna.

"Wane ne?"

"Ni ne, Kaka. Gyara miki na yi."

"Angona, idon da ya rage mini ka rufe."

Allah ya haskaka kabarinki, Kaka, ya yafe mini gyaran nan.