Na Je Ɗebo Irin Kuɓewar Inna

Laraba: Milezi zuwa Masaget

Na fita daga gidanmu a unguwar Milezi ta Injamena da ƙarfe biyar saura kwata na asuba, bayan na duba jakata sau uku. Inna tana kan darduma. Ba ta ce mini komai ba sai "Allah ya kiyaye hanya."

Gara in faɗi dalilin tafiyar tun yanzu, ko da yake ba ya mini daɗi. Muna da wata gajerar kuɓewa mai jan kai, wadda aka ce kakar Inna ce ta ɗauro irinta a bakin zane lokacin da suka taso daga yamma da ƙafa za su Makka. Ba su kai Makka ba, suka zauna a nan Chadi, kuɓewar ma ta zauna tare da su. Inna na shuka ta a ɗan lambunta na bakin kogi. Da na gama karatun noma, sai na kawo mata irin fakiti, na lallashe ta ta shuka shi kaɗai. Tsohon irin kuwa na tankaɗe tokar da take ajiye shi a ciki, don a ganina ƙazanta ce, na juye shi a roba mai murfi.

Shekarar farko irin fakiti ya yi 'ya'ya sosai. Inna ta cire iri daga cikinsa kamar yadda ta saba, ni kuma ban gaya mata cewa ba a maimaita irin fakiti ba, alhali har jarrabawa na ci a kan haka. Shekara ta biyu ya fito wani dogo wani gajere, miyarsa ba yauƙi. Da muka buɗe robar, namu ya yi gumi ya ruɓe. Mutum ɗaya ta rage da ake zaton tana da shi: Iya Hure, yayar Inna, a wani ƙauye bayan Masaget. Ba ta da waya, ga damina ta ƙarato.

Ɗan kilando, wato ɗan acaba, ya kai ni tasha a kan babur, sefa ɗari biyar. Direban bas ya tambaye ni inda zan sauka.

"Masaget, ina jin, sai dai idan akwai wata mahaɗa kafin nan da ta fi kusa da..."

"Malam, Masaget ko ba Masaget ba?"

Na ce Masaget. Ya ce riyal ɗari shida, wato sefa dubu uku. Mun tashi bakwai saura minti ashirin, muka wuce Jarmaya bakwai da rabi, muka isa Masaget tara da minti goma. Kimanin kilomita tamanin ne, in ban yi kuskure ba. Na sha shayi da fanke a bakin tasha.

Ƙauyen Iya

Motar kasuwa, a-kori-kura, ba ta cika ba sai sha ɗaya da rabi. Awa biyu muka yi a cikin rairayi, ina zaune a kan buhun gishiri, ina tunanin abin da zan ce wa Inna idan na koma hannu biyu.

Na tarar da Iya Hure a gindin aduwa tana tsince gero. Ta daɗe tana kallona.

"Wannan ba Injiniyan ƙanwata Binta ba ne? Lale, lale. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Iya."

"To me ya fito da kai cikin wannan rana?"

Na ajiye mata sukari da ganyen shayi, na durƙusa na ba ta labarin duka, ban rage laifina ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai yi dariya har da tari, ta ce, "Shekara nawa ka yi a makarantar nan?" Na ce biyar. Ta ce, "Da ka yi goma, da kogin ma ka juye a roba."

Sannan ta faɗi abin da nake tsoron ji: bara ba ta shuka ba, gwiwa ta hana ta. Ta dogara sanda muka shiga madafa. A saman murhu akwai ɗaurin busasshiyar kuɓewa guda tara, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin. Na bara waccan ne. A iya sanina irin kuɓewa yana iya kai shekara biyu, amma ba zan rantse ba.

Ta fasa shida ta bar uku. Ta ɗebo tokar kashin shanu mai sanyi ta cuɗa 'ya'yan, ta ɗura a wata 'yar gora, ta toshe da tsumma. Na fito da kwalbar da na dafa na shanya tun gida saboda wannan aiki.

"Mayar da kabarin nan jakarka," in ji ta. "Iri numfashi yake yi."

Ina ganin kwalba ba za ta cutar ba idan irin ya bushe sosai, amma na mayar da ita jaka. Da ta miƙo mini gorar ta ce, "Ba a sayar da shi, ba a kuma hana wanda ya roƙa."

Da yamma aka kawo tuwon gero da miyar wannan kuɓewa, da ɗan busasshen nama. Na ɗaga loma, yauƙin ya biyo hannuna har kusan gwiwar hannu bai tsinke ba. Shekara biyu rabona da ganin haka. Na kwana a rumfar ƙofar gida.

Alhamis: komawa

Na sami mota ƙarfe shida, na iso Masaget takwas, bas ta tashi tara da rabi. Na zauna nesa da zafin inji, gorar a cinyata.

A shingen shiga Injamena, wajen sha ɗaya da rabi, ma'aikatan gandun daji suka tsayar da mu suna neman gawayi, suna soka ƙarfe a buhuna. Wani dattijo a cikinsu ya ga baƙin toka a rigata.

"Me ke cikin nan?" ya tambaya da Larabci.

Na fara bayani da Faransanci, na dawo Larabci, na rikice. Ya karɓi gorar, ya zare tsumman, ya karkata ta a tafinsa. Ya hure tokar a hankali, ya tsaya yana kallon 'ya'yan.

"Daraba ce? Ta da?"

Na ce eh, kuɓewa ce ta da.

"Haka uwata take ajiye tata. Tun da ta rasu ban ƙara gani ba." Direba na ta danna oda. "Za ka sam mini kaɗan?"

Raina bai so ba, ba zan ɓoye ba. Amma na tuna maganar Iya, na zaɓa masa bakwai. Ya ƙulle su a hankicinsa, ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Milezi

Na shiga gida ƙarfe ɗaya saura. Inna ta karɓi gorar da hannu biyu, ta shinshina, ta ciji ƙwaya ɗaya, ta ce, "Da ransa." Ban san yadda ta gane ba, ban kuma tambaya ba. Sai na gaya mata na ba wani mutum bakwai a shinge, ina jiran faɗa.

"Bakwai kacal? Marowaci. Ina yake zaune?"

"Ban tambaya ba, Inna."

"Sunansa fa?"

"Shi ma ban tambaya ba."

"To in namu ya sake mutuwa, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa? Iyarka za ta dawwama ne?"

Ta zauna ta kasa irin uku: kashi ɗaya na lambunta, ɗaya na ƙanwarta da ke unguwar Dembe, na ukun ta tura gabana.

"Wannan naka ne. Ka nemi inda za ka shuka, nesa da nawa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Iya Hure da dattijon da ban san sunansa ba. Na yi wa wani maƙwabcinmu magana, ya ara mini kunya biyu a bayan gidansa. Hadari yana haɗuwa ta gabas tun shekaranjiya, amma ruwa bai sauka ba tukuna.