Tankin da Ke Shan Ruwa da Damina

Na daɗe ina dillancin filaye da gidaje a Maiduguri, kuma yawancin cinikin da na ƙulla ko fuskar masu su ba na tunawa. Amma cinikin wani ƙaramin gidan mai da ke bakin titi wajen Ajilari, shi kam har in koma ga Mahaliccina ba zai fita raina ba.

Mai wurin wani Alhaji ne da ke sayar da atamfa a Kasuwar Litinin. Gadonsa ya yi, bai san kan harkar mai ba, so yake kawai ya rabu da shi. Mai saye kuwa wata malamar firamare ce 'yar kudancin Borno, Mama nake ce mata. Mijinta ya rasu, ita kuma ta yi ritaya. Ta haɗa kuɗin sallamarta da na gida da gonar da mijin ya bari, ta ce tana son sana'ar da za ta riƙe ta ita da jikokinta. Abin da ta mallaka ke nan duka, kuma da bakinta ta gaya mini.

Cikin bazara muka je dubawa, ana irin zafin nan da ke sa mutum ya ji haushin rigarsa. Alhaji ya sa an yi wa wurin sabon fenti. Mama, da yake malama ce, takarda ta sani. Ta zauna a benci ta sa tabarau, ta bi takardar fili da lasisi layi-layi, har ta kama kuskuren rubutu a guda. Ta sa aka gwada famfo, lita ta cika daidai. Aka shafa wa sandar awo maganin da ke sauya launi in ya taɓa ruwa, aka zura ta cikin tankin da ke binne a ƙasa, ta fito fes.

Muna shirin tafiya sai tsohon da ke zuba mai a wurin tun zamanin mahaifin Alhaji ya yafito ni bayan rumfa, ya gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, ɗana. Matar nan ce za ta saya?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

"To ka ce mata ta bari ruwa ya sauka tukuna. Tankin nan tsatsa ta ci wuyansa. Da rani lafiya lau yake, amma da damina sai na zuƙe ruwa da tiyo kowace safiya kafin in fara sayarwa. Ni kuwa ƙarfina ya ƙare, ƙauye zan koma."

Na ce masa na ji. Kuma na ji ɗin. Sai dai damina saura wata biyu, ga wani dillalin yana zagaya Alhaji da nasa mai sayen, ga shi la'adar gidan mai ba irin ta fili ba ce. Muna cikin keke mai ƙafa uku muna komawa na lallashi kaina: ba ni na binne tankin ba, ba wanda ya tambaye ni, kuma a gaban kowa aka zura sandar nan. Wannan tunanin ya kwantar mini da hankali sosai a lokacin.

Aka yi ciniki a gaban shaidu, Alhaji ya ce ya sallama, aka sa hannu. Mama ta gayyato mutanen cocinsu suka yi addu'a a wurin, ta raba cincin da zoɓo. Ni ma na ci.

Washegarin ruwa mai ƙarfi na farko, kekunan da suka sha mai a wurinta da safe suka mace a jere a gefen titi. Masu keke kuwa ba sa riƙe magana, kafin la'asar labari ya kai har unguwar Bulabulin. Ta biya gyaran injinansu, hukuma ta zo ta rufe wurin. Kuɗin da za a haƙo tankin a sa sabo kuma babu.

Na yi wata guda ina kauce wa titin. Ita ce ta biyo ni har rumfar da muke zama, da lema a hannu, duk ta rame.

"Ɗana, ka nemo mini mai saye, ko nawa ne. Amma don Allah, kafin ka nuna masa komai, ka fara gaya masa batun tankin. Kada wani ya faɗa cikin abin da na faɗa."

Na sunkuyar da kai. Ta ɗauka tausayi ne.

"Kar ka dami kanka," in ji ta. "Ai kai ma ba ka sani ba."

Na ce, "Haka ne, Mama."

Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba. Na bi sharaɗinta, duk wanda na kai sai na fara gaya masa, shi ya sa aka shekara kafin wani ya saye wurin a matsayin fili, kuɗin ko rabin nata bai kai ba. Yanzu yaran unguwa take koya wa karatu a tsakar gidan haya.

Har yau in mun haɗu da fara'a take gaishe ni, kuma ban taɓa gaya mata gaskiya ba. Abin da na koya dai shi ne, in ka san abin da zai cuci mutum ka yi shiru don bai tambaye ka ba, to kai ka cuce shi, ko da ba wanda zai taɓa sani.